Shawara nake nema: ƙwallon yaran unguwarmu a Gadarif, ta yaya za mu san tana gyara wani abu?

Ɗan Gadarif:

Assalamu alaikum jama'a, da fatan kowa yana lafiya, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar matasa.

Mu nan Gadarif, a gabashin Sudan, akwai wani fili a bayan unguwarmu. Tunda aka fara yaƙi a Afrilun 2023 makarantu suka tsaya, wasu ma aka zuba 'yan gudun hijira a ciki, sai yara suka cika titi ba aikin fari bare na baƙi, da birnin Madani ya faɗi a Disambar 2023 baƙi suka ƙaru, da yaƙin ya shiga garin Sinja tsakiyar 2024 kuma abin ya wuce misali. To ni da abokaina muka fara tara su dafuri, wato ƙwallon unguwa, bayan la'asar, ba wani tsari, a ajiye duwatsu a ce ga raga, duk wanda ya zo ya shiga. Yanzu sun yi yawa, akwai 'yan unguwa akwai nazihin, wato 'yan gudun hijira, akwai Hausawa akwai waɗanda ba Hausawa ba, daga ɗan shekara 12 har mai gemu.

Sai wata munazzama, wato ƙungiyar agaji, ta ji labari, suka ce za su taimaka da ƙwallaye da riguna da ɗan abin da ba a rasa ba na wata shida, amma sai mun rubuta musu tsari, me muke so ya canza a rayuwar yaran kuma ta yaya za a gane ya canza. Ni dai na san abin da ke damuna, ana sayar wa yaran nan ais (wani mugun kayan maye) da ƙwaya, wasu ana zuga su su je su ɗauki bindiga, ga faɗa tsakanin 'yan unguwa da baƙi da baya ƙarewa, a layin ruwa ma sai an yi. Ina ganin kamar tunda muka fara abin ya ragu, amma "ina ganin kamar" ba za ta shiga takarda ba, kuma wallahi ni kaina ina so in sani da gaske ba don su ba. Wanda ya taɓa yin irin wannan dan Allah ta ina ake farawa?

Ustaza Kassala:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka muku da alheri kai da abokanka. Na yi aiki a irin waɗannan shirye-shiryen na yara kuma ni ce mai rubuta rahoton, to bari in gaya maka gaskiya.

Abu uku ka lissafa, ƙwaya, bindiga, faɗa. Ƙwallon wata shida ba za ta ɗauki ukun nan ba, zaɓi ɗaya. In ni ce faɗan zan ɗauka don shi ne ke faruwa a gaban idonka kuma shi filin ke taɓawa kai tsaye. Ƙwaya ba ka da yadda za ka auna ta, yaron da ke sha ba zai gaya maka ba, kuma in ka kuskura ka rubuta musu za ka rage shaye-shaye kashi kaza, ranar da suka zo tambaya sai dai ka ƙirƙiro lamba daga kanka, kaga an shiga ƙarya kenan a aikin da aka fara don Allah.

In ka zaɓa sai ka tambayi kanka ta wace hanya ƙwallon za ta rage faɗan? Don ƙwallo ita kaɗai ba ta sulhu, sau nawa ma ita ke haddasa rigimar. Ko don yaran za su san sunan juna ne su daina cewa "yaron Madani ɗin nan"? To dole su kasance a tim ɗaya. Ko don akwai babban mutum a tare da su a lokacin da aka fi yin faɗan ne? To dole ka san wane lokaci ne wannan ka sa wasan a cikinsa. Amsar da ka bayar ita ce tsarin naka, ba sai ka nemo wani dogon Larabci ko Turanci ba.

Sai awo. Kafin riga ɗaya ta iso ka sayi littafi. A kira kowane yaro shi kaɗai a tambaye shi abokansa biyar da yake zuwa wajensu ko suke cin abinci tare, sai a duba nawa ne daga cikinsu ba 'yan ɓangarensa ba. Kar kai ka yi tambayar, yaro zai faɗa maka abin da yake ganin kana so ka ji, ka samu wani malamin makaranta da ba ya zuwa filin. Sannan ka je wajen mutanen da rigima ke isa gare su, liman, mai kula da famfo, matan da ke sayar da shayi a bakin hanya (su kam ba abin da ke wuce su), ka tambaye su faɗan yara nawa suka gani a watan da ya wuce. A tsakiya ka sake, a ƙarshe ka sake, tambaya iri ɗaya mutane iri ɗaya. In ba ka ɗauki na farkon ba to na ƙarshen ba shi da abin da za a gwada shi da shi.

Wanda aka fi mantawa shi ne yaran da suka daina zuwa. Tunda soja suka koma Madani a Janairun 2025 da Khartoum a Maris mutane ke ta komawa gida, dole yaranka za su ragu kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Amma ka rubuta dalilin kowa, ya koma gida, ya tafi gona, ya tafi haƙar dahab wato zinariya, babansa ya hana, ko ba a sani ba. Wannan na ƙarshen shi za ka bi har gida, yawanci yaron da aka buɗe filin dominsa shi ne ke fara ɓacewa, nagartattun da ko ba ƙwallo ba za su lalace ba su ne ke zama har ƙarshe, sai rahoto ya yi kyau alhali ba wanda aka ceto.

Kuma dan Allah, littafin da ke da sunaye ya zauna a hannunka. Kar ka rubuta ƙabila da garin da yaro ya fito a gefen sunansa ka miƙa wa kowa, a wannan lokacin da muke ciki takarda irin wannan tana iya jawo wa ɗan mutane bala'i. Ka ba kowa lamba, lambar za ka tura.

Baffa Mai Wurno:

Ɗana sannu da ƙoƙari. Ni tun zamanin rawabit nike cikin wagga harka, lokacin da kowace unguwa ke da tim ɗinta na ƙanana, kuma ina raye sadda Sudan ta ɗauki kofin Afirka a 1970. Abin da Ustaza ta ce gaskiya ne amma ni ta wajen fili zan yi magana.

Wata shidan nan daga yaushe? Kai ka fi ni sanin lakar Gadarif, in kharif, wato damina, ya sauka filin nan ko jaki bai ratsa shi. Ruwa na ɗaukewa kuma sai yankan riɗi wajen Oktoba, bayansa dawa, duk wani saurayi mai ƙarfi ya tafi mashari'i, manyan gonaki, neman na kansa kuma ba ka da hakkin hana shi. In kun fara cikin wanga lokaci littafinku zai nuna yara sun watse alhali gona sunka tafi. Ka roƙe su a fara bayan an gama girbi, ka kuma sa kuɗin ruwan sha cikin lissafi tun yanzu don zafin Afrilu da Mayu ba wasa ba ne. In azumi ya faɗo ciki a maida wasa dare, nan kuma sai ka tanadi fitila.

Raba su da shekaru. Ɗan sha biyu da mai gemu ba su zama fili ɗaya, ba don karaya kaɗai ba, a nan ne ƙanana ke koyon abin da kake gudu, babba shi aiki ƙarami sayo mishi abu a lungu shike nan an buɗe mishi ido. Kuma ka bi gida gida ka gaida iyaye da malaman khalwa, wato makarantun allo, kafin komai, ka yi musu alkawari usur na ƙarshe kafin kiran magariba kuma ka cika. Ranar da anka ga yaranka na gudu cikin fili liman na tada iƙama, ka gama da unguwa.

Gasa kuma ka yi hankali da ita. Akwai shekarar da munka sa kofi da rago da kuɗi a gasar azumi, unguwa da unguwa. Ranar ƙarshe kowane ɓangare ya ɗauko 'yan haya daga wani gari, yaran da sunka sha rana tun farko suna zaune bakin layi sanye da riguna ba wanda ya taɓa ƙwallo, wani ƙarami har ya ɗaure takalmin aro da igiya yana ta kallon koci ko za a kira shi. Anka ba da fanareti, dutse ya fara tashi, ragon ma cikin dare anka fitar da shi ta bayan masallaci. Gabar ta daɗe tsakanin unguwannin nan biyu. Kar ka yarda a ce 'yan unguwa da nazihin su kara, ko da wasa.

Inda ban bi Ustaza duka ba, takarda ba ta ganin komai. Ni abin da nike dubawa shi ne wa ke riƙe da usur. Koci mai zagin uwa ko mai son kai zai rushe muku komai ko littafi goma kunka cika. Kuma ranar da ka ga uba ya taso da kanshi ya tsaya bakin fili yana kallon ɗanshi, ko ya turo ƙanen, to ni wajena wannan awo ne.

Ɗalibi a Makka:

Salam Yaya, ni asalinmu Sennar ne amma a nan Makka na taso, ina karatu a ɓangaren tarbiyyar motsa jiki. Maganar Baffa ta kar a haɗa ɓangare da ɓangare su kara an ma yi bincike a kanta.

A Iraƙi wata mai bincike Salma Mousa ta shirya gasar ƙwallo a Ƙaraƙosh da Arbil tsakanin Kiristocin da Da'ish ta kora daga gidajensu, aka yi ƙuri'a, wasu tim ɗin aka ƙara musu 'yan wasa Musulmi wasu aka ƙara musu Kiristoci 'yan'uwansu. An buga sakamakon a mujallar Science a 2020. Waɗanda suka yi wasa da Musulmi a tim ɗaya sun fi yarda su zaɓi Musulmi a kyautar ladabin wasa, sun fi yarda su sake shiga tim mai gauraye, kuma bayan wata shida an same su suna atisaye da Musulmi. Amma a wajen fili, irin zuwa gidan abinci a Mausil ko taron da za su haɗu da Musulmin da ba su sani ba, ba a ga wani canji na a zo a gani ba. A Indiya ma Matt Lowe ya yi irinsa da wasan kurket a Uttar Pradesh tsakanin dangogin da al'adarsu ta fifita wasu a kan wasu, ya ga zama a tim ɗaya yana ƙara abota, karawa da juna kuma yana rage ta.

To abin da na ɗauka a nan, ka gauraya tim ɗin da ƙuri'a a gaban kowa kar wani ya ce an yi son kai, kuma a takardarka kar ka ce za ka sasanta al'umma, ka ce yaran da suka yi wasa tare za su san juna su rage faɗa da juna, iya nan ake da hujja. In kana son abin ya fita daga fili sai ka fitar da shi da hannunka. A Mathare ta Nairobi akwai ƙungiyar matasa MYSA tun 1987, su tim ba da cin wasa kaɗai take samun maki ba, in ta fita sharar unguwa ma ana ba ta maki a teburin gasa. Ku me zai hana ku ce tim ɗin da ta tsare layin ruwa ranar Juma'a ba rigima, ko ta taya aiki a takiya inda ake dafa abincin sadaka, tana da maki? Kaga ɗan unguwa da ɗan Madani sun tsaya tare a daidai wurin da suke faɗan. Akwai kuma salon da ya faro a Medelin ta Kolombiya bayan kisan ɗan wasa Andrés Escobar a 1994, ba rafali, yaran ne ke zama su sa dokokinsu kafin wasa, bayan wasa su sake zama kowace tim ta ba ɗayar makin ladabi. Makin nan in kana rubutawa duk mako shi ma awo ne kuma ba ya cin kuɗi.

Abu ɗaya kuma Yaya, kar a yi wa yara alkawarin zama 'yan wasa. Nan Makka duk yaron unguwa yana ganin shi ne Usama Hausawi na gaba, wanda ya taso daga Al-Wahda har ya riƙe kambun kyaftin na Saudiyya a kofin duniya na 2018, balle yanzu da aka ba ƙasar kofin duniya na 2034. Shi ɗaya ne cikin dubbai, na san samari da suka bar karatu saboda wannan mafarkin yanzu ba ƙwallon ba takardar.

Ɗan Damazin:

Ni kam zan ɗan saɓa muku. Mu da muka ga rikicin Yulin 2022 tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Nilu Shuɗi mun san abin da ya raba mu da maƙwabta ba rashin sanin sunan juna ba ne, wasu tare muka yi makaranta da su, maganar ƙasa ce da sarauta da siyasa, kuma yaro ɗan sha huɗu ba shi ya ƙulla ba ba kuma shi zai kwance ba. Binciken Iraƙin ma da ɗan'uwa ya kawo ai abin da ya nuna kenan. Ban ce kar a yi ba, a yi, amma akwai yaron da aka kashe masa uba, in ƙuri'a ta jefa shi tim ɗaya da wanda yake ganin danginsu ne suka yi, kar a tilasta masa don a cika tsari, a bar shi ya zo ya yi kallo har ya sauko da kansa. Kuma manyan kowane ɓangare su san da maganar tun farko, in ba haka ba gobe a ce Hausawa na tara samari a fili, kun san yadda magana ke juyawa yanzu.

Na biyu yunwa. Yaron da ke kwana a aji shi da iyalai biyar, tun safe bai sa komai a cikinsa ba, ka ce ya yi gudun awa biyu? In kuɗin ba zai isa riga da abinci ba ni na zaɓi a bar rigar a dafa balila ko adas a raba bayan wasa. Sai dai in kun fara ba da abinci ku sani yawan masu zuwa zai tashi, kar ku lissafa shi a matsayin nasarar ƙwallo.

Ɗan Gadarif:

Allah ya saka wa kowa da alheri, wallahi na ƙaru. Baffa na gode, maganar girbi zan kai musu ita farko. Faɗan zan ɗauka kamar yadda Ustaza ta ce, kuma ɗan'uwa na Damazin maganarka ta shige ni, akwai yara biyu a cikinmu da nake ganin haka lamarinsu yake, zan je wajen iyayensu mata tukuna.

Ustaza ga wata matsalar. Fom ɗin da suka ba ni abin da ke ciki kawai yara nawa suka zo, wasa nawa aka yi, a turo hotuna, sannan wai rabi su zama mata. Mu ko mace ɗaya ba mu da ita kuma kin san unguwanninmu, in na ce 'yan mata su fito fili da gajeren wando korata za a yi daga garin. Ya zan yi da wannan?

Ustaza Kassala:

Ka cika musu fom ɗinsu, haƙƙinsu ne su san kuɗinsu ya isa wurin, amma yawan zuwa yana nuna an yi aiki ne kawai ba ya nuna aikin ya yi amfani. Ka haɗa da shafi ɗaya naka na abota da na faɗa da na waɗanda suka daina zuwa, ko ba su nema ba. In sakamakon bai yi daɗi ba ma ka rubuta yadda yake, kai za ka fi kowa amfana da shi. Hoto kuma sai da izinin iyaye, kuma daga nesa ko ta baya, akwai iyalan da ba sa so a san inda suke.

Maganar mata kar ka rubuta rabi don a ba ka kuɗi, ka gaya musu gaskiya. Amma kar kuma ka ce ba zai yiwu ba, 'yan matan nan sun fi samarin takura, suna cikin aji ɗaya da jama'a dare da rana ga ɗiban ruwa ga raino. Sudan ma ai an buɗe gasar ƙwallon mata a 2019, sai dai ba wannan nake ce ka kwaikwaya ba. Ka nemi malama ɗaya da iyaye suka yarda da ita, a samu farfajiyar makaranta mai katanga, ƙwallon raga ko tsallen igiya da kayansu na mutunci, da hantsi bayan an gama aikin gida, ba namiji ko ɗaya a wurin har kai. Ka ware mata kasonta na kuɗin ta riƙe da kanta, ita da uwayen su faɗi abin da suke so ya canza, ba lallai ya zama faɗa ba, wataƙila komawa makaranta ne.

In yaran sun fi ƙarfin kayan da za a ba ku, yi ƙuri'a, rabi su fara yanzu rabi bayan wata uku, amma ka yi wa duka tambayoyin tun ranar farko. A wata na uku sai ka gwada waɗanda suka fara da masu jira, a nan za ka gane ko filin ne ya kawo canjin ko kuwa dai gari ne ya lafa don mutane sun koma gida. Masu jiran kar a hana su dafurinsu na kullum, a gaya musu ranar da za su shiga kuma a cika.

Ka kuma tambayi munazzamar tun yanzu, in wata shidan ya ƙare ƙwallaye da ragar na wa ne, a rubuta.

Baffa Mai Wurno:

Ɗana in za ka raba, 12 zuwa 14 aji guda, 15 zuwa 17 aji guda. Waɗanda sunka wuce nan kar ka kore su, zaɓi masu hankali cikinsu ka ba su usur da littafin kiran suna, ɗaya ɗan unguwa ɗaya baƙo a kowane aji. Kuma ka sa akwatin magani cikin lissafin, ku zauna da iyaye ku yanke wa ke biyan asibiti in yaro ya karye kafin a fara.